Inuwar Mangwaron Wongani

"Sauko mini daga kan rufin ɗana!"

Lusungu ta ƙanƙame tsani, igiyar awo a hannunta. A ƙasa mahaifiyar Wongani, saurayin da za ta aura, ce tsaye, ta ɗaure ƙugu da zani. Kusa da ita Tawonga, 'yar maƙwabta mai taya ta tuƙa nsima, tuwon masararsu, tana murmushin mugunta.

"Mama, awo kawai nake yi..."

"Awon mangwaron da za ki sare? Tawonga ta ji ki da kunnenta!"

Ba ƙarya aka yi mata ba. Ta faɗa jiya, ita da Wongani su kaɗai a bayan sabon gidan da ya gina musu a ƙauyensu, can gaba da garin Rumphi, inda wayar lantarki ba ta taɓa zuwa ba. A ƙasarsu dole farantan sola su kalli arewa don su sami rana, mangwaron kuma yana arewa, inuwarsa na cinye rufin tun hantsi. Abin da ba ta sani ba, ƙarƙashinsa marigayi mahaifin Wongani ya binne cibiyar ɗan nasa.

"Wadda ta fara da cibiyar miji, ina za ta tsaya?" in ji Tawonga. "Su injiniya manya!"

Lusungu ta sauko, muryarta can ƙasa.

"A bar bishiyar, Mama. Sai in kafa farantan a kan turaku bayan rumbu, in ja waya. Ko ganye ba zan taɓa ba."

"Mu da fitilar kananzir muka tsufa, ba mu makance ba."

Ta juya ga Wongani. Ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da takalmi.

"Masoyina, ka ce wani abu mana..."

"Ki yi haƙuri, Lusu. Bari ta huce tukuna."

Ta jira hucewar har damina ta wuce. Kiransa ya koma saƙo, saƙon ya koma shiru. Daga bakin wata 'yar uwarsa ta ji an kai shanun aure gidan su Tawonga.

Ranar da aiki ya kai ta wani asibitin ƙauye ta hanyar ƙauyen su Wongani, ta yi niyyar rufe ido idan motar ta zo daidai gidan.

Ta kasa.

Farantai huɗu na ƙyalli a kan rufin, sun kalli arewa, daidai inda ta auna. Mangwaron kuwa babu shi. Kututture ne kawai, Mama na zaune a kai tana ɓare gyaɗa, rediyo na kiɗa daga ɗakin amarya.

"Kai, wanda ya tsara wannan ya iya aiki!" in ji direba.

Lusungu ta jingina goshinta da gilashi.

"Ya iya," ta ce. "Mu tafi, don Allah."