Ƙoƙon Kava da Bakin Semesa

A wani ɗakin gwaje-gwaje a birnin Suva, maganar farko da Losalini ta yi wa Semesa ita ce, "Buɗe baki." Ya buɗe, ta goga masa auduga a dasashi, shi kuwa ya kamu da so. An ga mazan da suka kamu a kan abin da bai kai haka ba.

Ganyen da kakarta ke taunawa don ciwon haƙori take gwadawa a kan ƙwayoyin cutar baki, bakin Semesa kuma ya zama gonarta. Sharaɗi ɗaya ne: ranar ɗibar yawu, ruwa kaɗai zai sha.

"Ni kike so ko ƙwayoyina?" ya rubuto mata.

"Su dai ba sa makara, zumana."

Ranar ɗiba ta ƙarshe, wadda digirinta ya dogara da ita, ita ce mahaifinta, tsoho Viliame, ya zaɓa don ganin saurayin. Semesa ya zauna a tabarma, ido na kan agogo. Aka tafa bisa al'ada, aka miƙo masa ƙoƙon kava, abin shan gargajiya mai kashe leɓe da harshe. Kowa ya san wanda ya ƙi ƙoƙon uba ya ƙi 'yarsa.

"Baba, a gafarce ni. Na yi wa Losalini alkawari."

Tsohon ya nuna masa ƙofa.

Ya isa ɗakin gwaji yana haki, ya ba ta labari. Tana hawaye ta ɗebi yawun, don kimiyya ba ta san zaman makoki ba.

Kwana da kwanaki ta kasa zama, tana leƙa farantin da ta shuka ƙwayoyin kamar mai jiran haihuwa. Da sakamako ya fito, ƙwayoyi sun cinye farantin, sai wata da'ira fes a kewaye da ɗigon ruwan ganyen. Ta kai wa uban hoton.

"Maganin mahaifiyarka ne, Baba. Da ya sha ƙoƙonka, da aikin ya lalace."

Viliame ya daɗe yana kallo. "Ni dama na san tsohuwa ba ta ƙarya. Danginsa su zo neman aure. Shi kuma ya zo da ƙishirwa."

Da safiyar ɗaurin aure tsohon ya ɗura masa bashin kava har leɓensa ya mutu, sannan ya sa albarka: "Allah ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu haƙora."

A coci fasto ya tambayi ango ko ya yarda. Harshe ya ƙi motsi, jama'a suka fara gyaran murya.

Losalini ta zungure shi. "Buɗe baki."