Hoton Marigayi a Bakin Sikana

Ƙarar da aka kawo caji ofis kamar ba ta taka kara ta karya ba: an sace jaka a shagon buga takardu. Sai dai a cikinta akwai hoton mahaifin mai shagon, marigayi, shi kaɗai ya rage a duniya. Mahaifiyarsa ce ta ba shi ya kwafa mata a kwamfuta. Mai shagon ya ce dattijon maigadi yake zargi, aka kuwa jefa bawan Allah a bayan kanta.

Washegari da hantsi Sufeto ya isa shagon tare da kofur ɗinsa. Tsohuwar na zaune kan benci, idanunta jawur.

"Ka riga ka kwafi hoton?" ya tambayi mai shago.

"Yallaɓai, ko ambulan ɗin ban buɗe ba."

Sikana biyu ne a teburin, wato na'urorin kwafar hoto ko takarda zuwa kwamfuta. Ɗaya mai gilashi da murfi, wadda ake kwantar da abu a kanta, ɗaya kuma mai zuƙar takarda ta sama ta tofar ta ƙasa.

"Tsohon hoto a wacce ake sawa?"

"Mai gilashi mana, sai dai sanyin jiki gare ta. Waccan ta takardun ofis ce, akwai sauri amma babu tausayi."

Sufeto ya buɗe cikin mai saurin. Tsakanin robobin da ke jan takarda ga wani guntu mai sheƙi ya maƙale. Ya zaro shi da farce. Kunnen mutum ne da gefen hula!

"Nuna min abubuwan da aka goge a kwamfutar nan."

Mai shago ya buɗe. Hoton ya fito: hula lafiya, goshi lafiya, daga ido zuwa ƙasa duk ya ja ya zama zare-zare.

Gogan naka sai ya zube gaban uwarsa. "Inna, layi ne ya yi min yawa, na ce bari in yi sauri. Na sa shi a mai saurin, ta cafke shi ta yage. Na kasa haɗa ido da ke, shi ne na ɓoye jakar."

Kunya ta kama Sufeto shi ma, don shi ya sa hannu aka tsare maigadin tun bai leƙo shagon ba.

"Kofur, tafi da mai shagon nan. Ƙarar ƙarya da ƙazafi."

Tsohuwar ta miƙe da ƙyar. "Takarda ce ta yage, ɗan nan, fuskar ubanka ban manta ta ba. Amma dattijon da ka sa ya kwana a kulle, sa'an ubanka ne."

Ta juya wajen Sufeto. "Yallaɓai, ku tafi da ni wajen maigadin. Ni zan fara ba shi haƙuri."