Randar Madam Rabeka

A wani ƙauye kusa da Falanko, akwai wata yarinya ƴar aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko. Ajinsu na zana ne. A kusurwarsa akwai randa da moɗa.

Malamarsu, Madam Rabeka, daga Maradi aka turo ta. Ita kaɗai ce Kirista a garin. Kowace safiya takan cika randar da ruwan famfo don yara su sha. Ragowar kuma ta zuba wa wani ɗan fure da ta shuka a gwangwani.

Idan azahar ta yi, yara suna gida, sauran malamai sukan yi salla a gindin bishiyar bedi. Madam kuwa takan zauna cikin aji.

Ran nan yarinyar ta manta allonta, ta koma ɗauka. Ta leƙa ta ɓular zana. Sai ta ga Madam a durƙushe kusa da randa, idonta a rufe, leɓenta na motsi.

Yarinyar ta sha ganin kakanta yana addu'a, ya tofa a ruwa, ya ba marar lafiya. Sai ta ɗauka Madam ma tofi take yi. Ta ruga wurin ƙawarta Yagana.

"Madam tana yi wa ruwanmu tofi irin nasu," in ji ta.

"Kin ga ta tofa?"

Ba ta gani ba. Amma ta ji kunyar ta ce a'a.

"Da idona," ta ce.

Kafin magariba labari ya zaga gari. Iyaye suka hana yara shan ruwan randa.

Lokacin bazara ne, zafi ya yi tsanani. Rana ta uku, jiri ya kwashi Yagana a aji, ta faɗi. Madam ta ɗebo ruwa da sauri.

"Sha, ɗiyata."

Yagana ta kau da kai. "Inna ta hana. An ce kina yi masa tofi."

Madam ta ajiye moɗar. Ba ta yi faɗa ba. Ta aika aka kawo ruwa daga wani gida.

Washegari iyaye suka kai ƙararta wurin shugaban lakwal, Mushe Shu'aibu. Da yamma aka ji Madam za ta nemi a sauya mata gari. Ta daina cika randa. Furen ya fara yanƙwanewa.

Yarinyar ta kasa cin tuwo. Madam ce ta koya mata karatu, tana riƙe da yatsanta a kan kowane harafi.

"Me ya same ki?" in ji innarta.

"Inna, ban ga ta tofa ba. Durƙuso kawai na ga ta yi."

Inna ta ajiye mara. "To ina kika samo sauran?"

"Ni na ƙara."

"Kin zalunci baƙuwa, kin kuma sa ƙawarki ta sha wuya. A gaban mutane kika ɓata, a gabansu za ki gyara. Zan raka ki."

Da safe, bayan an ɗaga tuta, yarinyar ta fito gaban kowa. Iyaye ma sun zo. Yarinyar ta ce:

"Ƙarya na yi wa Madam. Ban ga ta tofa a ruwan ba. Madam, ki yafe mani."

Madam ta sunkuyo. "Da kin tambaye ni, da na gaya maki. Gindin randa ya fi ko'ina sanyi, shi ya sa nake addu'ata a wurin."

"Me kike roƙo?"

"Lafiyar mamata da ke kwance a Maradi. Da damina mai kyau."

Mushe Shu'aibu ya gyara murya.

"Mu muna sallarmu a gindin bedi, ba mai hana mu. Ita ma tana addu'arta a lokacin hutunta. Ba ta taɓa kiran ɗan kowa zuwa addininta ba. Lakwal ta kowa ce."

Yarinyar ta ɗauki bokiti ta tafi famfo. Ta cika randar, ta ɗebi moɗa guda, ta shanye a gaban kowa.

"Ke, ki rage mani," in ji wani dattijo, Baba Mato. "Tun safe nake tsaye a rana."

Aka yi dariya. Ya sha, ya miƙa wa Yagana.

Madam ta fasa tafiya. Furen ya farfaɗo, sai dai reshe ɗaya da ya bushe bai dawo ba. Kullum yarinyar ta zo ba shi ruwa, sai ta dubi reshen, ta tuna.

Tun daga ranar ta daina faɗin abin da ba ta gani ba. Ta kuma gane cewa kowa yana da ikon yin ibadarsa cikin kwanciyar hankali, ko da ba irin tata ba ce.