Ƙwaya Uku a Ranar Arfa

"Hashim, ɗago ka kalle ni."

Bai ɗago ba. Yana zaune a bakin kujerar falonmu yana jujjuya makullin mota, ƙafarsa ɗaya sai rawa take yi kamar ba tasa ba. Ummi ta shiga kicin haɗa shayi, ta bar mana ƙofa a buɗe kamar kullum.

"Habibti, gajiya ce kawai... kin san aikin Hajji."

"Na sani. Ɗago dai."

Can ya ɗago. Ƙwayar idonsa ta buɗe fiye da ƙima, leɓensa ya bushe ya tsattsage, yana ta cije haƙora bai ma sani ba. Shekara guda ke nan ina karɓar horo a ɓangaren mata na wata cibiyar kula da masu shaye-shaye a nan Makka. Saura wata ɗaya in zauna jarrabawar da za ta ba ni lasisin zama mai ba su shawara. Kullum ina ganin irin wannan fuskar a wurin aiki. Ban taɓa kawo wa raina zan gan ta a falonmu ba, saura kwana goma sha biyu a ɗaura mana aure.

"Yaushe?" na ce.

Ya ajiye makullin a gefensa.

"Ranar Arfa," ya ce. "Kwana biyu ban runtsa ba, ina jigilar alhazai daga Mina. Na fara gyangyaɗi a kan sitiyari, mutum hamsin a bayana. Isa ya miƙo min ƙwayar hana barci, kabtagon... guda uku."

Isa ɗan baffana ne, shi ke rarraba wa direbobi aiki a kamfanin. Sau biyu yana neman aurena ina cewa a'a.

"Daga ukun fa?"

"Ban sani ba, Munira. Na daina ƙirgawa."

Hashim bai taɓa ɓoye min tarihinsa ba. Ya sha ƙwaya yana saurayi, ya bari, shekara uku cur bai koma ba. Da ƙyar mahaifina, Abuya, ya amince da shi, don gidanmu mun san ƙwaya. Ina shekara goma sha huɗu aka shigo da gawar Yaya Taha, an tsince shi a wani kango a bayan unguwar Misfala. Tun ranar Abuya bai sake ambaton sunansa ba. Ni kuma tun ranar na san karatun da zan yi.

Ummi ta shigo da tire. Hashim ya miƙe da sauri ya ce ana jiransa. Ko kofin bai taɓa ba.

*

Washegari na sami Ustaza Ramlatu a ofishinta. Ita ke kula da horona, shekararta ashirin a wannan aikin. Na rufe ƙofa na faɗa mata komai ina kuka.

"Zan taimake shi da kaina," na ce. "Na san matakan duka. Ba sai kowa ya ji ba. Bayan biki..."

"A'a, 'yata."

"Ustaza, ina son shi."

"Shi ya sa. Wanda kike so ba za ki iya zama mai ba shi shawara ba. Idan ya yi miki ƙarya za ki yarda, don kina son ki yarda. Idan kika rufa masa asiri, ƙwayar kika rufa wa." Ta turo min kwalin tishu. "Akwai ɓangaren maza. Ya zo da ƙafarsa."

"In ya ƙi fa?"

Ta mayar da idonta kan takardun da ke gabanta. Hakan ya fi komai tsorata ni.

Na kira shi a waya na faɗa masa. Ya ce zai yi tunani. Kwana uku wayarsa a kashe. Na kasa cin abinci, na kasa karatu. Duk motar asibitin da ta bi ta layinmu sai na leƙa taga. Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa sai in tuna yadda aka ƙwanƙwasa ta ranar Yaya Taha.

*

Ranar Juma'a Abuya ya dawo daga Harami tare da Isa. Ina ganin fuskarsa na san an gama.

"Munira, zo nan."

Na durƙusa daga gefe.

"Gaskiya ne abin da ɗan'uwanki ya faɗa min? Yaron nan ya koma?"

Isa ya sunkuyar da kai kamar mai jimami. "Wallahi Baffa, ban so faɗa ba. Amma ƙanwata ce, ba zan zuba ido ba."

"Gaskiya ne, Abuya," na ce.

"Kin sani kika yi shiru?"

"Kwana huɗu ke nan."

Ya ajiye carbinsa. "Na binne ɗaya. Ba zan ɗauki 'yata in kai ta gidan da zan je in ɗauko ta da takaba ba. Halas. An fasa."

Ban yi musu ba, don abin da yake tsoro shi nake tsoro.

Muna cikin haka aka yi sallama. Hashim ne. Ya rame, thobinsa, doguwar rigarsa, a yamutse, 'yar jaka rataye a kafaɗarsa. Ya ga Isa, ya kau da kai, ya zube a gaban Abuya, wanda yake kira Ammi, wato baffa.

"Ammi, na zo in faɗa maka da bakina, ashe an riga ni."

"Tashi ka fitar min daga gida."

"Zan fita. Daga nan cibiyar zan wuce, sun ba ni gado. Wata uku aka ce."

"Wa ya ba ka ita?" Ni na yi tambayar, ban san lokacin da ta fito ba. "Faɗa wa Abuya."

Isa ya miƙe. "Me ye haɗin..."

"Isa ne ya miƙo min," Hashim ya ce a hankali. "Amma hannuna ne ya karɓa, Ammi. Da na ajiye motar na ce ba zan iya ba, babu mai yanka ni. Laifina ne."

Abuya ya juya ya kalli ɗan ƙaninsa. Ya daɗe yana kallonsa.

"Kai ma fita," ya ce. "Da mahaifinka zan yi magana."

A bakin ƙofa Hashim ya tsaya, bai juyo ba.

"Munira... kar ki jira ni. Ki ci jarrabawarki."

*

Ranar jarrabawa Abuya ne ya kai ni a motarsa. Akwai wata tambaya a kan abin da za ka faɗa wa iyalin wanda ya koma shaye-shaye bayan ya bari. Na zauna ina kallonta, idona ya cika. Sai na amsa da abin da na so a ce wani ya faɗa mana shekarun baya: komawa ba ƙarshe ba ce, amma ɓoyewa na iya zama ƙarshe.

Na ci. Bayan makonni lasisin ya fito da sunana a jiki, aka ba ni ƙaramin ofis mai kujeru biyu. Mace ta farko da ta zauna a gabana 'yar shekara sha tara ce, uwarta na tsaye a waje tana kuka. 

Hashim kuwa ban gan shi ba, ban ji muryarsa ba. Katanga ɗaya ce tsakanin ɓangarenmu da nasu, amma ban da ikon tambayar halin da yake ciki, Ustaza ma ba za ta faɗa min ba. A wurin aiki na ga waɗanda suka fita da murna suka dawo bayan sati biyu. Na ga waɗanda ba su dawo ba, sai dai labari. Kullum na ɗaga goshina daga sujada da sunansa a bakina.

Wata biyar da tafiyarsa, wata Talata da safe na leƙa shagon Abuya inda yake sayar da dardumar salla da carbi, na tarar a rufe. Talata ta gaba ma haka. Na tambayi Ummi.

Ta ci gaba da yankan albasa. "Gwaji yake kai shi."

"Wa?"

"Hashim mana. Tun da ya fito, duk Talata ake gwada fitsarinsa. Babanki ya ce ba zai yarda da takarda ba sai ya gani da idonsa." Ta share ido da bayan hannu. "Ya ce da ya bi Taha haka..."

Ba ta ƙarasa ba. Na rungume ta, muka yi kukanmu a kicin.

Abuya bai ce min komai ba, ni ma ban tambaye shi ba. Hajji ya sake zagayowa, tsorona ya ninka. Sai na ji Hashim ya bar tuƙi gaba ɗaya, yana taya Abuya a shago, yana ɗaure wa alhazai tsaraba a kwali.

Ana gama Hajji Abuya ya kira ni.

"Wata takwas da fitowarsa, ko sau ɗaya gwajin bai nuna komai ba," ya ce. "Ke ce mai ilimin abin. Faɗa min gaskiya, ya warke?"

Na so in ce e. Wallahi na so.

"Ba a cewa haka, Abuya. Zai iya komawa. Bayan shekara, ko bayan shekara goma. Babu wanda zai ba ka tabbaci, ko shi kansa."

"Duk da haka kina so?"

"Mutumin da ya zo gabanka da ƙafarsa ya ce laifinsa ne... shi nake so. Amma da sharaɗi. Zai ci gaba da zuwa wurin mai ba shi shawara, ba ni ba. Ranar da na ga alama kuma, kai zan fara faɗa wa."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Ɗayyib, shi ke nan. Ya turo magabatansa."

*

Bayan la'asar aka ɗaura, a falon nan namu. Ina ɗaki tare da Ummi da Ustaza Ramlatu, ina jiyo muryar Hashim ta labule yana cewa ya karɓa. Muryar ta dawo yadda na san ta, a nitse.

Abuya ya shigo da babban littafin da malamin ɗaurin aure ya zo da shi, don in sa hannu. Ya buɗe min shafin a kan cinyata. Sunan Hashim na sama, wurin nawa a ƙasa babu komai.

Na tsaya ina kallo. 

Ummi ta dafa kafaɗata. "Munira, tsoro kike ji?"

"Sosai ma, Ummi."

"To... a ce su dakata?"

Na girgiza kai.

"Abuya, miƙo min biron."