Jakar da Aka Bari a Bungudu

Munzali ya kwaso matarsa Muzdalifa da 'yarsu Rufaida daga gidan mahaifiyarsa a Bungudu, ya kawo su Gusau ranar Asabar.

Gidan ciki da falo ne a Tudun Wada. Motar a-kori-kura ta zube kaya a tsakar gida ta juya. Tun azahar Muzdalifa take kwance ƙulli, har aka yi la'asar ba ta ci rabi ba. Bayanta ya riƙe. Ko ruwa ba ta sha ba.

Rufaida kuwa, 'yar shekara uku, duk abin da uwar ta jera sai ta sauke. Ta shiga kwalin tukwane ta zauna, ta kifa murfi a ka. Daga nan ta jawo kofin kunu, ya juye mata tun daga wuya har gwiwa.

"Ke! Dubi aikin da kika yi..."

Ke kawai take ce mata. 'Yar fari ce, kuma a gidan Inna, surukarta, uwa ba ta kama sunan 'yar fari. Ba ta ɗaukarta a gaban mutane. Shekara uku Muzdalifa tana wannan kara. In yarinyar ta faɗi, sai ta kau da kai, Inna ta ɗauka.

Ta buɗe akwati tana neman riga. Babu. Ta zazzage buhu na ɗaya, ta zazzage na biyu. Zannuwanta ne da kaftanin miji. Jar jakar da ta cusa kayan yarinyar da hannunta babu ita.

"Yaya, ina jar jakar nan?"

Munzali yana ɗaura gado. Bai ɗago ba.

"Wacce?"

"Ta kayanta mana. Ni na sa ta a mota."

Ya ajiye sifana. Ya share goshi da bayan hannu.

"Inna ta sauke ta."

"Ta sauke? Don me?"

"Zauna tukuna, masoyiyata..."

"Ka faɗa mini a tsaye!"

"Ta ce a bar yarinyar ta kwana ɗaya, ta ga ɗakin uwarta. Gobe in mayar da ita." Muryarsa ta yi ƙasa. "Tun rasuwar Baba gidan ya yi mata faɗi. Yau ga shi mun fito. Kin san ɗiyar fari ta kaka ce."

"Kai kuma ka ce to."

"Uwata ce, Muzdalifa. Kuka take yi. Me zan ce?"

"Yaushe kuka gama maganar?"

"Sati biyu ke nan."

Ta zauna a kan naɗaɗɗiyar katifa. Sati biyu! Sati biyu tana ninke 'yan riguna, tana gaya masa inda za ta shimfiɗa wa yarinyar, shi yana gyaɗa kai.

Ita ma 'yar fari ce. Ranar da aka yaye ta aka kai ta wurin kaka a Tsafe, ba a dawo da ita ba. Har yau in ta je gida, ita da mahaifiyarta gaisuwar baƙi suke yi, kowa na kallon tabarma.

Munzali ya durƙusa a gabanta ya kama hannunta.

"Abar ƙaunata, Bungudu ce fa, ba Makka ba. Duk Juma'a sai mu je. Kuma Allah zai ba mu wasu."

"Wasu..." Ta zare hannunta a hankali. "Ka san abin da ya sa na ƙagu mu tare a nan? Ba don siminti ba ne, ba don famfo ba. So nake in ɗauki ɗiyata ba mai kallona."



Yarinyar ta fara ƙananan kuka, kunu ya bushe mata a jiki. Muzdalifa ta miƙe da ƙyar. Ta jawo sabon zanenta, ta sa haƙori a bakin zanen, ta tsaga shi biyu. Ta tsaya a bakin ƙofa. Bakinta ya yi nauyi.

"Rufaida."

Yarinyar ta waiga wajen zaure, tana neman mai kiran. Ba ta taɓa jin sunan a wannan muryar ba.

"Rufaida! Ni ce... zo."

Ta taho tana jan ƙafa. Uwar ta cire mata jiƙaƙƙiyar rigar, ta goge ta, ta ɗaura mata rabin zanen. Ta ɗauke ta, ta rungume, a gaban ubanta. Yarinyar ta kwantar da kai a wuyanta ta yi shiru.

Wayar Munzali ta yi ƙara a kan kwali. Ya duba, ya dubi matarsa.

"Inna ce. Za ta tambayi ƙarfe nawa za mu taso."

"Ɗauka. Ka ce ina gaishe ta. Ka ce ga ɗaki, in ta so ta zo ta zauna da mu, ni zan yi mata wanki da girki."

"Ba za ta bar ɗakin Baba ba, kin sani. Don Allah, Muzdalifa. Ko wata ɗaya ne..."

Wayar ta ci gaba da ƙara. Muzdalifa ta gyara riƙon 'yarta.

"Ko kwana ɗaya. Ba za ta koma ba."