Shirun Ɗakin Baya

Shekara bakwai ya yi ba ya gida. Da ya dawo ya tarar an sare bishiyar tsakar gida, an sauya ƙofa, Baba ya fara jan ƙafa. Auta kuwa, wadda ya bari tana kukan takalmin makaranta, aurenta saura mako biyu. Ɗakin baya ne kaɗai bai canza ba. Yana nan a kulle, yadda ya san shi tun yana yaro.

Ɗaukar bidiyon biki ya koyo a can, don haka ya ce na Auta ba mai taɓawa sai shi, kuma da hira da amarya zai fara. Makirufo biyu gare shi: ƙarami mai maƙalewa a wuyan riga, wanda ba ya jin kowa sai mai sanye da shi, da dogo mai kamar sanda, mai kwaso komai daga inda aka nuna shi. Auta ta ce ita dai ƙaramin, dogon nan kamar za a harbe ta. Ya ce me ta sani, dogon ya fi fitar da murya. Falo kuma ƙarar titi ta yi yawa, sai ya karɓi makullin ɗakin baya, Mama tana cewa ya bari, yana cewa minti goma ne.

Dab da magariba ya zaunar da Auta a ciki. Ƙa'idar aikin ce, kafin hira a ɗauki shirun ɗaki na minti ɗaya, don cike gurbi lokacin gyaran bidiyo. Ya ce kada ta motsa. Ya sa abin sauraro a kunne, ya juya dogon zuwa kusurwa.

Wata tsohuwa ya ji tana rarrashin jariri da waƙa, can ƙasa-ƙasa. Ya kamata ya kashe. Sai ya ƙara sauti, ya saurara har minti ya cika. Da ya ce Auta ta fara, ta buɗe baki, babu abin da ya fito.

Daga ranar, da rana ta yi ja sai duwatsu su fara sauka kan kwanon rufin gidan, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Muryar Auta ba ta dawo ba, likita ya duba maƙogwaronta ya ce lafiya lau. Ya goge sautin, ya karya katin ajiyar da ya ɗauke shi a kai, ya jefa dogon a kwata. Duwatsu ba su daina ba.

Rana ta tara Baba ya zo da wani malami, dattijo marar yawan magana. Ya yi ta karatu har Auta ta sandare, wuyanta ya karkace, muryar tsohuwar ta fito daga bakinta. Ta ce tun kafin a haifi mai gidan take zaune a ɗakin, ba ta taɓa leƙa sirrin kowa ba. An shigo mata, an ɗebe mata murya, tun ranar ɗanta bai runtsa ba. Malam ya ce ai an karya katin.

"Ba a kati take ba, Malam. A kunnen wanda ya ɗauke ta take. Kullum yana maimaita ta a ransa, yarona na jin uwa biyu a gida ɗaya."

Yayan Auta ya sunkuyar da kai. Ko a lokacin waƙar na yawo a kansa.

Ta ce zai bar gidan, ita kuma ta saki yarinyar. Malam ya roƙi a bari bayan biki, ta ƙi. Ya roƙi kwana uku, ta ce faɗuwar ranar gobe. Ya tambaye ta yaushe yaron zai dawo, ta ce sai ta yaye ɗanta.

"Shekara nawa ke nan?"

"Ba irin shekarunku ba."

Jikin Auta ya saki. Ta yi tari, ta ce, "Yaya, ruwa."

Washegari da la'asar yana haɗa jaka, Auta ta tsaya bakin ƙofa, murya a dishe, ta tambaye shi wa zai ɗauki bikin yanzu. Ya ɗora ƙaramin makirufon a tafin hannunta, ya nuna mata inda ake maƙalawa.

"Ki ba duk wanda zai ɗauka. Wannan ke kaɗai yake ji."

Ya ja zif ɗin jakar. Inuwa ta riga ta cinye rabin tsakar gida.