Tutar Bakin Fadama

Ni ke horar da 'yan wasan tsere cikin daji a ƙungiyar garinmu, nan arewacin Suwidin. Kowa da taswirarsa da kamfas mai nuna arewa, yana bin tutocin da na kakkafa. Gasar yanki ta matso, amma Ylva, wadda muke taƙama da ita, kullum sai ta kasa samun tutar bakin fadama.

"Torvald, na rantse tutar nan ba ta nan!" in ji ta.

"Idonki ne dai ba ya nan. Ki sake kuskurewa, in bai wa wata gurbinki."

Ta yi jifa da taswirar, ta tafi tana kuka.

Raina a ɓace na ɗaura fitila a goshi na shiga dajin, don da kaka tun la'asar duhu ke sauka. A bakin fadamar na tarar da wani dogon tsoho cikin koɗaɗɗiyar rigar gudu, tutata a hannunsa.

"Haba dattijo! Ashe kai ke wahalar mini da yara?"

"Ba nan ne wurinta ba," ya ce. Yana gabana, amma muryar daga bayana ta fito. "Zo in nuna maka."

Na duba kamfas don in ƙaryata shi. Allurar ta bar arewa, ƙirjinsa take nunawa. Ya matsa hagu, ta bi shi. Ya taka tsakiyar fadamar, ruwan ko motsi bai yi ba.

Na buɗe baki zan ce ba inda za ni, sai na ji sanyi yana hawa jikina. Na sunkuya. Laka ta riga ta kai mini gwiwa.